Tafin Hannu a Bangon Zariba

A watan da ya biyo bayan girbin dawa na bara, katafilar kamfanin auduga ta rushe Zariba. Ta ture bangon gabas, ta bi ta kan mutanen da ke kwance a gindinsa, ta baje ƙasar, aka ja kunyoyi. Kuma ba da ƙarfi kamfani ya shiga ba. Dattijan garinmu bakwai ne suka dangwala yatsa a takarda cewa wurin tsohon garken shanu ne, babu kowa a ciki. Na ga takardar da idona a ofishin kamfanin. Yatsan farko na baffana ne, Shehu Jibirin, mai garin Hillar Almu.

Ƙarya suka yi, kuma sun san ƙarya suka yi. Saniya ba ta taɓa kwana a Zariba ba. Mutane aka tsare a ciki, aka sayar. Ɗaya daga cikin waɗanda aka sayar tana nan da ranta, tsakanin ɗakinta da ƙofar masallaci bai kai taku ɗari ba. Sunanta Kulu. Kakana ne ya saye ta.

Wanda bai san garinmu ba, yana kudu da Abu Hujar, a bakin kogi. Kakana Almu ne ya kafa shi, bayan doguwar tafiyar da suka yi daga ƙasar Sakkwato lokacin da Nasara suka ci ƙasar. Zariba kuwa ta riga garin. Tana can bayan gonaki, katanga ce mai kusurwa huɗu, ƙasa da duwatsu, ƙofa ɗaya, babu rufi. Fatake ne suka gina ta, masu sauko da mutane daga duwatsun kudu, wajen iyakar Habasha. Gwamnati ta hana cinikin a baki, amma shekaru da yawa ana yi a ɓoye. Lokacin da na yi wayo bango uku sun zube sun zama tudu. Na gabas ne kaɗai a tsaye, sumul kamar jiya aka gina shi. Muna yara aka ce mana aljanu ne ke gyara shi, kada mu kusanci wurin. Ashe aljanin yana cikin gidanmu, shi ke yi mana kitso.

Kulu ba ta san shekarunta ba. Abin da ta sani, haƙoranta na gaba ba su daɗe da fita ba aka kawo su Zariba, ita da uwarta, da igiya ɗaya. Ba ta san sunan garinsu ba. Harshensu ya gudu daga bakinta tun tuni. Ko sunan da uwarta ta raɗa mata ba ta tuna ba, kakata ce ta ce da ita Kulu, ya bi ta. Damina guda suka yi a ciki saboda hanya ta yanke. Da ruwa ya fara cin katanga, fataken suka sa matan da aka tsare su kwaɓa ƙasa su yaɓe ta. A rana ta ƙarshe, ƙasa na ɗanye, uwar ta danna tafin hannunta a bangon gabas, daidai ƙirjin mutum. Sai ta kama hannun yarinyar ta danna a ƙarƙashin nata. Bayan kwana kaɗan zazzaɓi ya ɗauke ta. Sauran matan suka tona rami a gindin wannan bango suka sa ta, kusa da waɗanda suka riga ta. Da hanya ta bushe aka wuce da manya. Yarinyar ta rame ƙwarai, fatake suka ga ba za ta kai ba, suka bar wa kakana ita a madadin jaki ɗaya.

A gidanmu ta girma. Ita ta yi niƙa, ita ta ɗebo ruwa daga kogi, ita ta goyi mahaifina, ita ta goyi baffa Jibirin wanda yau yake mai gari. Kakana ya 'yanta ta yana kan gadon mutuwa, bayan ta riga ta ba shi ƙarfinta duka. Ta auri Mato mai kwalekwale, suka haifi ɗa ɗaya, Jibo, wanda yanzu yake tuƙa lori tsakanin Sinja da Madani. Mato ya rasu shekarar da aka sauke tutar Ingila.

Sana'arta yaɓe. A Hillar Almu babu ɗakin da hannunta bai taɓa ba. Idan ruwa ya ɗauke, takan kwaɓa ƙasar bakin kogi da kashin shanu da ƙaiƙayi, ta rufe ta bar shi ya kwana biyar ya ruɓa, shi ne zibala. Wari kamar me, amma bangon da Kulu ta shafa sai ya yi damina biyu bai tsage ba. Ba ta amfani da katako ko ƙarfe, da tafin hannu take bi, tana zagayawa, sai ka ga bangon ya fito da zane kamar ɓawon kifi. Ɗakin amarya kuwa, in ba ita ta yi ba, dangin ango sai sun yi tsegumi. Gida gida take bi har ta gama gari. Kwaɓin ƙarshe kuma ba na kowa ba ne. Takan ɗora kwano a ka, ta bi ta bayan gonaki ita kaɗai. Kowane babba a garin ya san inda take zuwa. Babu wanda ya taɓa tambayarta, babu wanda ya taɓa raka ta. Shekara fiye da hamsin.

Ni ma ban raka ta ba sai da na kai talatin, kuma ba zan ɓoye dalili ba. Lokacin da nake makaranta a Madani, 'yan ajinmu suna kirana Fallatiya, sunan rainin da ake kiran irinmu 'yan asalin yamma, suna toshe hanci. Amsar da nake ba su ita ce, mu dai ba bayi ba ne, mu muke da bayi. Da wannan na kare kaina, da matar da ta goyi ubana. Na girma, na fara koyarwa a Sinja, na dawo hutu, na tarar tana naɗa ganwo za ta ɗora kwano.

Na ce, "Inna Kulu, kawo in ɗaukar miki."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke? Da wanga farin lulluɓin tob naki? Malama guda da kashin shanu bisa kai? In 'yan makarantarki sunka gani su ce mi?"

"Su ce na yi gadon kakata."

"Kakarki ba ta taɓa ɗaukar ko ludayi ba, ni nis san ta. Taho dai, amma kada ki yi mini kuka, ban son majina cikin kwaɓi."

Muka tafi. A nan na ga abin da take yi. Takan shafe bangon duka, ciki da waje, sai ta bar wuri guda kamar faɗin faifai ba ta taɓa shi. Shekara da shekaru yaɓe yana hawa kan yaɓe, har wurin ya zama kamar ƙaramar taga a cikin bango. Ta kafa guntun kwano a sama don kada ruwa ya sauka a kai. A cikin tagar akwai hannu biyu. Babba a sama, yatsunsa dogaye, ƙaramin yatsan ya ɗan karkace. Ƙarami a ƙasa, bai fi ganyen lalle biyar a jere ba. Da ta gama aiki ta wanke hannunta tas, ta goge da zane, ta sa shi a cikin babban. Ya shiga daidai.

Ta ce, "Kin gani? Da can ya fi nawa sau biyu. Yanzu mun zama ɗaya. Fuskarta ta ɓace mini, Maijidda. Muryarta ta ɓace. Wannan kaɗai ta bar mini, kuma nan ƙasa take kwance. Ran da ta Allah ta kasance, nan nika so a sa ni."

Na yi kukan da ta hana. Ta ce in matsa can.

Shekara goma sha ɗaya bayan wannan kamfani ya zo. Za a kafa injin jan ruwa a bakin kogi, a yanka ƙasar bayan gari hawasha hawasha, wato gona gona, kowane magidanci ya sami tasa ya noma auduga. Mutane sun yi murna, kuma ban ga laifinsu ba. Iyayenmu sun gaji da zuwa Jazira tsinkar audugar wasu. Mufattishin kamfani, wato mai duba filin, ya zagaya da awonsa, ya tsaya a gaban Zariba. Ya faɗa wa baffana ƙa'idarsu a fili: ba sa taɓa ƙubbar waliyyi, ba sa taɓa maƙabarta, sukan zagaye su bar wurin. In wannan kango ɗaya ne daga cikin biyun, a faɗa masa. Ya ba su kwana uku.

Kalma ɗaya ake bukata. Maƙabarta. Da sun faɗe ta, da bangon yana tsaye yau, kuma abin da gari zai rasa bai kai rabin hawasha ba.

Ina Sinja lokacin. Abin da ya faru a taron Kulu ce ta ba ni labari, Fatsuma matar baffa, wadda ta ji komai ta bayan darni, ta ƙara mini, kuma da na tunkari baffa bai musa ko ɗaya ba. Bayan la'asar suka zauna a ƙofar gidansa. Mace ba ta zuwa wannan zama. Kulu ta zo da sandarta, ta durƙusa daga gefen tabarma.

Baffa ya ce, "Inna, lahiya? Ki koma ciki, in mun gama ina zuwa."

"Jibirin, nan ka same ni. Ku gaya wa Balaraben nan akwai mutane ƙarƙashin bangon. Uwata na ciki."

Liman Abdussalami ya gyara rawani ya ce, "Baiwar Allah, maƙabarta ta Musulmi ce. Waɗanda ke can ba wanda ya yi musu salla. Ba mu san addininsu ba."

Ta ce, "Malam, ran da anka ɗaure su ba a tambayi addininsu ba. In ba su cancanci salla ba, sun cancanci a bar ƙashinsu ya huta. Ko jaki ya mutu ba a shuka bisa kansa shekarar nan."

Wani daga cikinsu ya yi dariya, liman ya harare shi. Sai baffa ya sauke murya, ya faɗi abin da ke ransu duka. Rabin mutanen gari ba su da jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Shekara nawa suna hawa da sauka a ofisoshi, ana ce musu baƙi ne, su koma inda suka fito. In aka rubuta a takardar hukuma cewa a bayan Hillar Almu akwai wurin cinikin bayi, tambaya za ta biyo baya. Wa ya saya? Su wane ne jikokin waɗanda aka saya? Masu gidan za a ce 'yan fataucin mutane ne, sauran a ce bayi ne. Kowa ya sha kunya a gaban Larabawa, kuma wa ya sani, ƙila a fasa ba su hawasha.

Ya ce, "Inna, ki duba yaran nan. Abin da ya wuce ya wuce. Ke tamu ce, wa ya taɓa ce miki baiwa a gidan nan?"

"Ba wanda ya ce. Ba wanda ya ce komi. Shi ne ciwon."

Abin da ya karya ta ba baffa ba ne, ba liman ba ne. Jibo ne. An aika masa, ya ajiye lori ya zo. Yana tsaye a bayan dattijai, kansa a ƙasa. Yana da 'ya'ya mata uku a Madani, babbar an fara nemanta, kuma dangin yaron ba su san komai ba. Ya zo ya tsuguna a gabanta.

"Inna, don Allah ki rufa mini asiri. Tun ina yaro, in mun yi faɗa da yara, da hannu suke nuna mini wajen nan. Ba su cewa komi, nuni kawai. Ni dai a ture shi in huta."

Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta dafa sanda ta tashi, ta ce, "To." Washegari mutum bakwai suka shafa tawada a yatsa.

Na san za a ce tsoronsu gaskiya ne. Gaskiya ne, ni ma an toshe mini hanci, na san zafinsa. Amma ku dubi abin da suka yi da tsoron. An raina su, sai suka nemi wanda ya fi su rauni suka taka. Gari guda, da malamansa da alhazansa, jikokin mutanen da suka bar gida da dukiya don kada a mallake su, suka taru suka mai da uwar tsohuwa saniya a rubuce. Kuma ba a Hillar Almu kaɗai ba. Da na ba abokan aikina labari a Sinja, wata ta ce ai gara haka, irin waɗannan wurare tayar da fitina suke yi. Wani ya ce ƙasa na neman ci gaba ni ina kuka a kan tulin ƙasa. Da ƙubbar wani shehu ce aka ɗan gutsure, da an rufe kasuwa.

Ranar da katafila ta zo, da hantsi, Kulu ta riga ta isa. Ta tsaya a gaban tagar nan, ta juya mata baya. Direban baƙo ne, ya kashe inji ya sauko, ya ce, "Ya hajja, me ke nan?" Larabcinta bai taɓa nuna ba, kuma ba wanda ya fassara. Aka nuna masa takarda. Mata biyu suka kama ta suka ja gefe, ba ta yi gardama ba. Katafila ta tura sau uku bangon ya kwanta. Da haƙoran ƙarfen suka shiga ƙasa, ƙasusuwa suka fito. Direban ya sake tsayawa, ya leƙo yana salati. Baffana ya ɗaga hannu ya ce masa na dabbobi ne, ya ci gaba.

Kwana tara Kulu tana zuwa inda aka tara ɓaraguzan, a bakin sabuwar magudanar ruwa. Takan ɗauki hoge ta juya, ta goge da gefen zane, ta ajiye, ta ɗauki wani. Ranar Juma'a na iso daga Sinja na same ta a can, yatsunta duk sun fashe. Ta kwance bakin zanenta ta nuna mini wani guntu, bai cika tafin hannu ba. Yatsu uku ne a jiki, ƙanana.

Ta ce, "Nawa na samu. Mi zan yi da nawa? Ga shi nan ina da shi."

Ta miƙo mini. Yana cikin akwatina yanzu, a naɗe.

Bana da ruwa ya ɗauke ba ta yi wa kowa yaɓe ba. An yi bikin aure biyu, ɗakunan amaren wata yarinya ce ta shafa, tun ba a kai ko'ina ba sun tsage. Kowa ya ce tsufa ne. Amma Kulu ta kwaɓa zibala kwano ɗaya, ta bar shi ya kwana biyar kamar kullum, ta ce in ɗaukar mata. Muka bi ta bayan gari. Auduga ta kai gwiwa, kore shar, ko'ina iri ɗaya. Abin da ya rage na da shi ne wata aduwa da katafila ta bari don ma'aikata su sha inuwa. Kulu ta jingina da aduwar, ta fuskanci gabas, ta fara ƙirga taku. A na arba'in da biyu ta tsaya, tsakiyar kunya, ruwa na bin ƙafarta. Hawashar ta faɗa rabon ƙanin liman.

Ta ce, "Nan ne." Ta duba hagu, ta duba dama, kamar mai neman inda za ta shafa. Na sauke kwanon, na rasa inda zan ajiye. Daga baya ta ce in zubar a gindin auduga, taki ne, kada a yi hasara.

A hanyar komawa ta ce, "Maijidda, ke da kin yi karatu. In na mutu, ina za su kai ni?"

Na san inda za su kai ta. Za su yi mata wanka, liman ya yi salla, baffa ya tsaya karɓar gaisuwa yana cewa uwarmu ce, ita ta goye ni. Su sa ta a maƙabartar gari, nesa da kabarin uwarta da ta shekara hamsin tana tsaro. Tun watan jiya ba ta fita. Kunu kaɗai take sha. Jibo ya zo sau ɗaya, ya zauna a bakin gado, ya kasa haɗa ido da ita.

Bango ba zai dawo ba, hannun ma ba zai dawo ba, ban roƙi wannan ba. Baffa Jibirin, Malam Abdussalami, da ku biyar ɗin da na ga yatsunku, na san sunan kowa. Ku tashi ku tafi ofishin kamfani, ku ce a fito da takardar. Ku faɗa da bakinku cewa ba garke ba ne, mutane ne a kwance, an kawo su a ɗaure sun mutu a nan. A soke layin farko, a rubuta gaskiya, ku sake dangwala yatsun nan a ƙarƙashinta. Ku kuma na kamfani, kun ga ƙasusuwan, direbanku ya gaya muku, ƙa'idar taku ce ba tawa ba, ku cika ta. Daga aduwa taku arba'in da biyu wajen gabas, a cire audugar, a toshe ruwan, a kewaye da ƙaya. Ku yi shi yanzu, tun tana iya jin labari, kuma ku bar mata wuri a ciki daidai tsawonta.